Rabin Bokitin Fenti a Bakin Kanal

"Lahiya lau, mijin banza. Gajiya kuwa ta warke tun kahin ka tuna kana da mata."

Hajiya Fatsuma ke nan take amsa gaisuwar jikanta Maccido, a bayan gidanta, can ƙauyenmu na ƙasar Wurno. Tun yana zanen goyo take ce masa miji, shi kuma ya ce mata amarya, kuma ban taɓa ganin sun haɗu sun rabu ba a yi saki uku ba. Ni ina gefe ina ɗaure tiyon injina da ya fashe, don haka da kunnena na ji, kada wani ya ce ƙarin gishiri na yi.

Sati biyu ke nan da dawowarta daga Makka. 'Ya'yanta sun sa an yi wa ɗakinta fenti kore, irin mai man nan mai sheƙi da wari, mai fenti ya tafi ya bar rabin bokiti. Shi ne tsohuwar nan ta jawo shi da ƙyar har bakin kanal, hanyar ruwan da ke zuwa mana daga dam ɗin Goronyo. Ranar kuwa layinmu ke da ruwa, da hantsi za a buɗe. Fangalin farko a ƙasan gidanta na Maccido ne, irin albasa ɗan sati uku, noman kansa na farko. In ya ƙone, babu dashe bana. Ga shi kuma bai daɗe da samun aikin duba-gari ba, kakinsa ko karin guga bai saki ba.

"Amarya, mi za ki yi da bokiti bakin ruwa? Ko shahe jiki za ki yi ki koma yarinya?"

"Ni da ma yarinya ta. Kai dai dubi ƙeyarka, awa an manta ta cikin turmi. Zubarwa za ni yi. Bokitin nika so, in riƙa jiƙa gero."

"Cikin kanal za ki zuba?"

"A'a, cikin aljihunka."

"Dokar tsabta ta hana a zuba fenti ko baƙin mai cikin ruwan mutane."

"Dokar wa? Ran da nika wanke maka kashi bakin gulbi, ina dokar take ba ta zo ta kama mini ba?"

Maccido ya zaro biro daga aljihu, ya gyara hula, wai shi hukuma. "To sammaci za ni rubuta miki. Ki zama ta hwarko da nik kai kotu, a buga ki gidan rediyo."

"Rubuta, Allah shi ba ka lada. In alƙali ya tambaye ni, in ce mijina na, shekara ashirin da shida ba ci, ba sha, ba sutura. Sai mu ga wanda za a ɗaure."

"Ba sutura? Wa yas sai miki takalmin da kinka tahi Makka da shi?"

"Wanda yat tsinke tun ban wuce Sakkwato ba? Da ƙahwa guda nig gama ɗawahi saboda rowarka."

"Shi ya sa kinka dawo da haƙorin Makka guda, sauran bakin kuwa hili, ko ƙwallo a buga."

"Da hilin nan nika cin namanka, ɗan nema."

Na yi dariya har tiyo ya kuɓuce mini. Amma na lura idon yaron ba ya kan kakarsa, yana kan hannunta da ke riƙe da bakin bokiti. Ita kuwa ta riga ta ɓalle murfin.

"Kai yaro na, ba ka san komi ba," in ji ta. "Ruwa in shina gudu ba abin da ka ɓata shi, haka munka ji ga malamai. Mu da munka tashi bakin gulbin Rima, mi na ba mu zuba mai ba? Ruwan rini, toka, jinin layya. Gari shi waye mu ɗebo mu sha, ga mu nan garau."

"Garau? Ke da in kin tashi tsaye sai an ji ƙara har Rabah?"

Bai jira amsa ba. Ya ɗauki ƙoƙon da ta zo da shi, ya ɗebi ruwan da ya kwana a gindin kanal, ya tsoma kara cikin fenti ya ɗiga ɗigo ɗaya. Ya juya, ya juya, ya kaɗa da ƙarfi. Koren nan ya ƙi narkewa, sai ya baje a saman ruwan, ya laƙe jikin ƙoƙon.

"Ga shi ya yi gudu, amarya. Bisimilla, sha."

"Kai ka sha. Gado kaka nema, kuma ko tsintsiya ba ka samu." Ta karɓe ƙoƙon ta leƙa, ta goga da ɗan yatsa, yatsan ma ya zama kore. "Ka ɓata mini ƙoƙo."

"Ɗigo guda ke nan. Gulbi shina wucewa har Kabi, har inda ba mu sani ba. Wanga kuwa dubi inda za shi." Ya nuna da hannu. "Hwangalina, sannan na Mode, sannan shinkahwar su Isa can ƙarshe. Nan shika tsayawa, ƙasa ta shanye. Abin da yar rage shanu su sha."

Daga nan sai ya bar wasa, har muryarsa ta canza. "Hajiya, irin ga shi kaɗai gare ni. Sati ukku ina kwana da tunaninai. Wallahi da nih hango ki da bokitin ga, sai da gabana yah hwaɗi."

Rabon da in ji ya kira ta Hajiya, na manta. Ita ma ta ji. Ta tsaya tana duban fangalin, ganyen albasar siri-siri kamar allura, sannan ta bi kanal ɗin da ido har inda ya ƙare. Abin ya taɓa ta, ba ta ɓoye ba.

"Ashe ruwanku ba shi da wurin zuwa," ta ce a hankali. "Namu zuwa shika yi da damina shi kwashe komi shi tahi. Ku kun kama shi kun tsare. Ba wanda yag gaya mini, Maccido. Da yanzu na kashe maka albasa da hannuna."

Ta mayar da murfin, ta danna da tafin hannu har sau uku. Sai kuma ta harare shi.

"To, uban 'yan sani, mi za a yi da shi? In dama in sha?"

"Mai kyawon a kai ma Malam Simeon, hedimastan hiramare, ƙohohin ajinsu dut sun koɗe. Na gindin bokiti a zuba mai yashi da ƙaiƙayi, a bar shi ga rana har shi daskare awa dutsi, sannan in kai shi jujin da ƙaramar hukuma tak keɓe."

"Bokitin hwa?"

"Ba a jiƙa gero cikinai, ko an wanke sau ɗari."

"Wato dut jan da niy yi, har ƙuguna shina ciwo, a banza?"

"Ran kasuwar Achida in sawo miki sabo."

"Ja, mai murhi. In kak kawo irin takalmin nan, kotun da kaka hwaɗi ni za ni riga ka zuwa." Ta tura bokitin gabansa da ƙafa. "Kuma ni ban ba makaranta ba, kai nib ba. Garata ta, da iyayena ba su kawo maka ba. Ka kai ma wanda kag ga dama, amma a kai za ka ɗauka, ta tsakar gari, da kakinka."

Maccido ya fashe da dariya, ya cire hula ya naɗa gammo, na kama masa muka ɗora. Bai yi taku goma ba muka ji shuuu, an buɗe ruwa. Ya taho yana tura ganye da kara a gabansa, ya wuce bayan gidan Hajiya, ya karya ya shiga fangalin farko, fari tas.

Sai ga Kaltume maƙwabciyarta ta fito da baho cike da ruwan wanki, kumfa har baki, ta nufi bakin kanal kamar yadda ta saba kullum. Tsohuwar nan da ke kukan ƙugu ban san lokacin da ta sha gabanta ba.

"Ke Kaltume, koma da shi. Albasar mijina ka shan ruwan ga."