Injin da Wana Ya Sayo a Waya

"Ni fa inji, ko a hoto na gan shi, na gama sanin tarihinsa," in ji wana, yana karkaɗa ƙafa a falon Yayarmu. "Na san irin man da ya sha, na san ko an taɓa ɓata masa rai. Ki bar mini wannan aikin, Yaya, ki je ki huta."

Bari in gabatar maka da shi kafin mu yi nisa. Wan nawa ma'aikacin ofishin inshora ne, aikinsa buga hatimi. Amma tun ranar da ya canza fitilar firij ba tare da taimakon kowa ba, ya laƙaba wa kansa Injiniya, mu kuma don a zauna lafiya muka bi. Ba zan ce bai san mota ba. Ya san inda ƙofa take.

Ita kuwa Yaya, babbarmu duka, ƙaramar bas gare ta da take kwasar yaran unguwa zuwa makaranta, da ita take riƙe gidanta. Ana tsakiyar hutu injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya yi shiru. Iyayen yara suka yi mata jaje, sannan suka gaya mata cikin ladabi cewa in aka koma makaranta bas ba ta tashi ba, akwai wani direba mai sabuwar mota har da labule, ya daɗe yana gaishe su.

Shawarar Yaya ba ta da ado: a je inda ake sayar da injuna na hannu, a ga inji da ido, a tayar da shi a ji da kunne.

"Haba Yaya, wane zamani kike?" Injiniya ya yi dariyar tausayi. "Duniya tana cikin waya yanzu. Ga shi nan, duba. Kin taɓa ganin inji fari tas haka?"

Yaya ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuskarta. "Me ya sa nake ganin ruwa a bayansa?"

"Wanke shi aka yi. Mutanen can akwai tsabta."

"Wannan dogon rubutun na ƙasa fa, me ya ce?"

"Wannan don 'yan koyo aka rubuta."

Na ce ko zai bari in karanta, tunda ni ɗan koyo ne. Ya ce in bari manya su gama magana. Kafin Yaya ta gama tunani, yatsansa ya gama ciniki.

Akwatin katakon ya iso garejin makaniken Yaya, mutumin da kowa ke kira Ba Matsala. Sunan ya dace da shi, don ko cewa ka yi ya sa wa mota fukafukai, abin da zai tambaya kawai shi ne guda nawa. Aka ɓalle katako. Abu na farko da ya fito wari ne. Duk kyanwoyin layin suka hallara, suka zauna a jere kamar an kira taro.

"Injiniya," in ji Ba Matsala yana toshe hanci, "kamar ƙarnin kifi nake ji."

"Man adana inji ne. Haka na waje yake."

"To, ba matsala."

Aka ɗaga inji da sarƙa za a zura shi a mazauninsa, sai ya ƙi. Bai fi ƙarfin wurin da yawa ba, kamar dai a ce za a sa saniya a kejin kaji. Wani mai ƙaramar zuciya da a nan zai ce an yi kuskure. Injiniya ya zagaya bas, hannu a baya, ya yanke hukunci: kamfanin da ya ƙera ta ne ya yi rowar wuri. Aka kira mai walda, ya yanke ƙasan kujerar direba, ya ɗaga ta sama. Injin ya shiga. Direba kuma daga yanzu zai riƙa tuƙi kansa a sunkuye, yana gaisawa da rufi a kowane rami.

Sai maganar ruwa. Ba Matsala ya nemi inda zai haɗa lagireto, bai samu ba. Abin da ya samu wani tiyo ne mai kauri da ya leƙa ƙasa, yana neman abin zuƙa.

"Wannan tiyon daga ina yake shan ruwa, Injiniya?"

"Daga inda aka ba shi. Sabon salo ne, ba ya son ruwan da ya kwana."

"To, ba matsala."

Aka ɗaure duro a saman bas, aka jawo tiyo ta tagar baya. Da aka tayar, injin ya yi wata irin murya mai kauri, gidigidi-gidigidi, wadda sai da ta sa kyanwoyin suka tashi daga taro. Fanka kuwa, maimakon ta ja iska ciki, sai ta riƙa huro ta waje, har ta cire wa mai walda hula. Ni dai na ce abin ya ɗan ba ni mamaki. Injiniya ya sa aka juya fankar, ya ce da ni mamaki abincin jahili ne.

Yaya ta zo dubawa ana jibi komawa makaranta. Ta tarar da bas ɗinta a kan duwatsu, ba taya, da duro a ka.

"Ƙanena, wannan motata ce ko gidan wanka?"

"Ki saurari sautin kawai, Yaya."

"Na saurara. A sa mata taya a zagaya da ita in gani."

"Gwaji ai na mai shakka ne," in ji shi. "Ranar da za ta fita, a gaban iyayen yara za ta fita. Ina so mai labulen nan ya gani da idonsa."

Ya samu abin da yake so. Da safiyar komawa makaranta aka turo bas ƙofar gidan Yaya, wai don kada a ƙona mai a banza. Iyaye sun taru, yara sun sha guga, can gefe kuma mai labule ya tsaya yana goge gilashin da ba shi da datti. Allah ya taimaka Yaya ta ce babu yaron da zai hau sai ta ga tafiyar motar. Injiniya ya zo da farar riga. Ya hau, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya sa giya ta ɗaya, ya taka totur.

Bas ta tafi. A nan dole in yi masa adalci: ta tafi da ƙarfi ƙwarai. Sai dai baya ta yi. Ta bi ta kan tukwanen furen Yaya, ta kwashe igiyar shanya da kayan da ke kanta, ta tsaya a jikin katangar maƙwabci. Duron ya sauko daga bisani, ya wanke wa Injiniya farar rigarsa ta taga.

"Hannuna ne ya zame!" ya yi ihu. Aka turo ta gaba. Ya sa ta biyu. Ta koma katangar, wannan karon da sauri, kamar ta yi mantuwa a can.

Ba Matsala ya leƙa ta taga. "Injiniya, gwada giyar baya mana."

Ya sa giyar baya. Bas ta fara tafiya gaba, a hankali, a hankali, ƙararrawar ja-da-baya tana ƙii-ƙii-ƙii. Wata tsohuwa mai sanda ta wuce ta, har ta waiwayo ta yi masa sannu.

Yaya ta dubi Injiniya, ba ta ɗaga murya ba. "Kira mai injin. Sa yadda kowa zai ji."

Mutumin ya ɗauka cikin fara'a. E, injin lafiyarsa ƙalau. E, na jirgin kamun kifi ne, ai an rubuta a ƙasan hoton. Jirgin inji biyu gare shi, ɗaya yana juyawa dama, ɗaya hagu, don kada jirgi ya karkace. "Na hagun ka samu, ranka ya daɗe, shi ya sa komai naka zai juya a baibai. Na daman yana nan, in kana so in ajiye maka."

Na rantse sai da Injiniya ya buɗe baki zai tambayi farashi.

Mai labule ya riga ya zuge ƙofar motarsa, wani uba ya fara jan hannun ɗansa. Yaya ta miƙa wa Injiniya tafin hannu.

"Makullin motarka."

"Yaya, tawa ta zuwa ofis ce, ko ƙura ba na bari..."

"Makulli, ƙanena."

Sawu uku ta yi a ranar da motarsa mai sanyi da ƙamshi, ba ta rasa yaro ko ɗaya ba. Har yau ita ke riƙe da motar, kujerun sun san ɗanɗanon kowane irin biskit. Ta ce za ta mayar ranar da bas ɗinta ta koyi gaba.

Shi kuwa Injiniya, da bas yake zuwa aiki. Ya gwada giyar gaba guda ɗayan nan da yake da ita, ya isa ofis ana shirin cin abincin rana. Don haka yanzu da biyar ɗin bayan yake amfani, wuya a murɗe, ido a madubi, duro a sama yana ɓarin ruwa. Ya ce mana tuƙin ƙwararru ne, ba kowa zai iya ba, kuma a wannan ban musa masa ba.

Matsalar kawai maigadin ofishinsu, dattijo ne mai ladabi, kuma ya saba duk motar da ya ga bayanta tafiya take yi. Kullum da safe Injiniya zai kunno kai, ko in ce ya kunno baya, sai dattijon ya miƙe tsaye, ya ɗaga masa hannu a gaban duk ma'aikata, ya ce:

"Har an tashi, Injiniya? To, a sauka lafiya, a gaida gida."