Ranar da Na Sa Wakilin Ango Ya Kwanta a Kwalta

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin ɗaurin auren Nasiru ba, ko da kuwa na so in manta, mutanen Unguwar Dosa ba za su bar ni ba.

A tsakiyar shekarun casa'in ne, zamanin mulkin soja. Ina da shekara ashirin da shida, ina kanikanci a wani gareji a Rafin Guza, kuma ni da kaina na raɗa wa kaina suna Injiniya (babu wanda ya ba ni, maimaitawa na yi ta yi har ya bi ni). Nasiru abokina ne tun firamare, shi ya sa da aurensa ya tashi aka ce ni ne babban abokin ango, ni zan nemo motar da za ta kai shi Rigachikun, garin su amarya.

Maƙwabcinmu Baba Yohanna, tsohon injiniyan jirgin ƙasa da ya yi ritaya, yana da wata jar mota mai ƙofa biyu ƙirar Japan, mai turbo, wadda ya saya hannun wani Bature da zai koma gida. Ranar Lahadi kaɗai yake fitar da ita, ya je coci ya dawo. Da na roƙe shi bai ja ba, don shi ma Nasiru a gabansa ya girma. Tun ranar Juma'a ya ba ni makulli, ya ce in wanke ta, in duba mai da ruwa, amma kada in kwance komai.

To, ga inda na jawo wa kaina. Akwai wani ɗan masu kuɗi a Malali da yake da irin motar, amma tasa duk sanda ya saki totur zai canja giya sai ka ji "fiiish", kowa ya waiga. Ta Baba Yohanna kuwa shiru take yi kamar mai jin kunya. Na buɗe bonet na bi sawu har na gano dalili. Turbo yana tura iska da ƙarfi cikin inji, idan direba ya ɗage ƙafa iskar ta rasa hanya, sai wani ɗan bawul ya buɗe ya sake ta. A motar ɗan Malali waje take fita, shi ne ƙarar. A ta Baba an haɗa wani tiyo da yake mayar da iskar ta zagaya ta koma bakin turbo. Na tsaya ina kallon tiyon nan, na yanke hukuncin cewa mutanen Japan ba su san daɗin mota ba.

Na cire tiyon. Ramin da ya bari na rasa abin toshe shi, sai na sami totuwar masara a ƙasa, na fere ta, na naɗe da robar tsohuwar tayar keke, na cusa. Na zagaya layinmu sau ɗaya. Fiiish! Ta ɗan yi tari da na tsaya, ta fitar da baƙin hayaƙi, na ce sabo ne ba ta yi ba.

Ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura. Kawu Bala, wan mahaifiyar Nasiru, shi ne wakilin ango, in babu shi babu aure. Ya makara, motar dattawa ta riga ta wuce, sai aka ce in ɗauke shi. Ya zauna gaba da farar babbar rigarsa da ta sha bugu, ango ya naɗe ƙafafu a kujerar baya. Baba Yohanna da sauran 'yan unguwa suna biye da mu a bas.

Tun kafin mu kai Kawo motar ta mutu sau biyu. Duk sanda na saki totur sai ta yi fiiish ɗinta, sannan ta shaƙe. Kawu ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa haka manyan motoci suke numfashi. Gumi kuwa ya riga ya jiƙa mini hula. Na lura idan ina ba ta wuta sosai ba ta mutuwa, don haka da muka hau titin Zariya na taka ta.

Can gaba sai ga shingen sojoji, durom-durom da katako mai ƙusoshi. A kwanakin ana ta raɗe-raɗin juyin mulki a gari, kowa a ɗarare yake. Na gan su a makare. Na ɗage ƙafa gaba ɗaya, na taka birki. Motar ta yi fiiish, sannan salansa ta buga wata ƙara sau biyu, irin wadda ba ta da maraba da harbin bindiga. Injin ya mutu, muka gangara muka tsaya daidai gaban durom.

Na ga wani soja ya faɗa bayan buhunan yashi. Na ji ƙarar ɗana bindigogi, ba ɗaya ba. Masu tallan rake da ke gefen hanya suka watse. Wani Saje ya daka mana tsawa mu fito hannu a sama, mu kwanta.

Muka kwanta. Ni, da ango, da Kawu Bala mai shekara kusan saba'in, rub da ciki a kan kwalta mai zafi. Kuncina yana manne da titi, ina ganin takalmin Sajen kusa da hancina, ina jin Kawu yana salati a hankali. Sajen ya tambayi wanda ya yi harbi da inda bindigar take. Sai sojojin suka far wa motar da bincike. Suka fitar da kujeru, suka zazzage but ɗin motar, har goron ɗaurin aure suka juye. Ban san minti nawa muka yi ba, na dai san na yi ta tunanin yadda za a gaya wa mahaifiyata.

Sai bas ɗinmu ta iso. Baba Yohanna ya sauko a hankali, hannuwansa a buɗe, ya gaida Sajen, ya ce motarsa ce kuma waɗannan 'ya'yansa ne da yayansa. Ya roƙi a bar dattijo ya tashi, shi kuma a ba shi izini ya buɗe bonet. Bai fi daƙiƙa goma yana dubawa ba. Ya sa hannu ya zaro totuwar nan, ya ɗaga ta sama, gaban sojoji da mutanen bas kaf, waɗanda duk sun leƙo ta taga.

Ya yi wa Sajen bayani kamar yana koyar da aji. Ya ce motar tana da mita da take auna duk iskar da ta shiga, ta ba da fetur daidai da ita. Idan aka zubar da iskar waje bayan an auna, fetur ɗin zai zo ya tarar babu iskar da zai ƙone da ita, sai ya taru a salansa ya fashe. Ya ce akwai motocin da aka ƙera su don su fitar da iskar waje, amma tasa ba ta cikinsu. Sannan ya juyo gare ni, ina durƙushe.

"Ɗana, ina tiyon?"

"Yana gida, Baba."

"To. Da turbo ya zuƙe wannan masarar, da yau har injin mun yi wa jana'iza."

Sajen ya karɓi totuwar ya jujjuya ta, ya tambayi wane ne makanikin. Wani daga cikin bas ya amsa masa da ƙarfi cewa ai Injiniya ne. Dariyar da sojojin suka yi ta fi mini zafin kwaltar.

Aka tura motar gefe, Kawu da ango suka shiga bas. An ɗaura aure ƙarfe ɗaya saura, bayan dangin amarya sun fara tambaya ko an fasa ne. Kawu Bala ya karɓi aure da tabon kwalta a ƙirjin rigarsa, duk hotunan ranar da shi aka ɗauka. Bai yi mini magana ba sai bayan Babbar Sallah. Baba Yohanna kuwa ko faɗa bai yi mini ba, sai dai ya sa na mayar da tiyon a ƙofar gidansa, yana zaune a kujera yana kallo, maƙwabta suna taya shi.

Na koyi cewa idan na ga abu a inji ban gane amfaninsa ba, ni ne ban gane ba, ba wanda ya ƙera ba. Har yanzu samari suna kawo mini motocinsu su ce in sa musu wannan ƙarar. Nakan duba in ga ko injin zai ɗauka. Idan ba zai ɗauka ba suka nace, sai in ce su je su kwanta rub da ciki a kan titi da tsakar rana na minti biyar, in sun dawo mu yi maganar.