Kiran da Na Sata a Bakin Kaka

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ina aji biyar a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Yelwa. Malamarmu ta Hausa, Malama Rabi, ta ce kowa zai fito gaban aji ya yi ɗan bayani kan wata al'ada ta gidansu. Abu mai sauƙi, ko? To ni bakina ne ya ja mini. Tun aji ɗaya nake cika baki cewa ni jinin Gungawa ce gaba da baya, alhali Gungancina bai wuce gaisuwa ba, kwalekwale kuwa in na shiga runtse ido nake har a sauka. Ladi, wadda muke benci ɗaya, ubanta da wanta kullum suna kan tafki suna su, ta sha ce mini, "Ke dai 'yar gari ce, rufe mana baki." Na rantse ranar nan sai ta janye maganarta a gaban kowa.

Na samu Kaka, mahaifiyar babana. Ita a wani gungu, wato tsibiri, aka haife ta, cikin waɗanda ruwan Kainji ya shanye bayan an yi dam.

"Kaka, ki koya mini waƙar mutanenmu, a makaranta aka ce."

"Ga tsohuwar raga can a rataye, kai musu," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Raga? In kai raga gaban Ladi? Allah ya kiyaye! Ai na san Kaka tana da abin da take ɓoyo. Wani lokaci bayan la'asar takan zagaya bayan gida inda ake hango ruwa, ta kare baki da tafin hannu, ta ja wani dogon sauti ƙasa-ƙasa, ya hau, ya karye, ya sake hawa. Sai na riƙa laɓewa bayan danga ina kwaikwayo har ya zauna mini. Ban tambaye ta ko mene ne ba. (Me zan tambaya? Ni da na riga na san komai.) Na zauna na ƙago masa bayani da kaina: waƙar da mata ke tarbar mazansu da ita in sun dawo da kifi.

Ranar, hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zuba. Ajin ya yi duhu, ko ganye ba ya motsi a waje. Wata ta kawo ƙwarya ta yi bayanin zanenta, wani yaro Bakambare ya yi na gayya, aka tafa musu. Aka kira ni. Na zuba ƙaryata tsaf, sannan na kare baki da hannu. A raina na ce Kaka tsufa ne ya sa take yi a hankali, ni kuwa Allah ya ba ni maƙogwaro. Na saki sautin nan iya ƙarfina.

Ba wanda ya tafa. Ladi ta miƙe tsaye, idanunta kamar za su faɗo.

Sai daga bayan katanga, inda mata ke bandar kifi, aka amsa. Kiran nan dai, da muryar wata tsohuwa. Kafin ya mutu wata ta ɗauka can gaba, sai wata can nesa, sai muryar namiji, yana ta gangarawa har na ji kamar daga cikin ruwa ake amsowa. Tsigar jikina ta tashi. Amma don wauta irin tawa, wallahi na ɗauka yabo ne, har na fara murmushi ina kallon Ladi.

"Wa ya nutse?" Ladi ta cafko hijabina. "Wa ya gaya miki? Baba ne?" Ba ta jira amsa ba ta fita da gudu, takalminta ɗaya a ƙarƙashin benci.

Ashe ba waƙa ba ce. Kiran da ake yi ne in jirgi ya kife. Duk wanda ya ji, dole ya ajiye abin da ke hannunsa ya miƙa kiran gaba, sannan ya nufi inda ya fito.

Ai kuwa suka nufo. Kafin ka ce me, ƙofar makaranta ta cika: mata da toka a hannu ba ko mayafi, maza da igiyoyi da filafilai, 'yan kabu-kabu sun baro fasinja. Abin da ya fi ba ni tsoro, ba mai hayaniya. Suna tsaye kawai suna jiran a faɗi suna. Wani dattijo ya matso ya ce, "Daga nan kiran ya fito. Jirgin wa na?"

Malama Rabi ta turo ni gaba. (Har yau ban yafe mata wannan turin ba, ko da yake ita ce da gaskiya.)

"Baba... aikin aji ne."

"Aikin mi?"

"Na al'ada. Maki goma ne."

Wata ta saki salati. Wata ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka, ban sani ba ko na daɗi ne ko na takaici. Ni dai na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wagga ɗiyar wa ta?" Wani ya faɗi sunan Kaka. Sai na ga mutane suna juyawa baya suna darewa. Ga Kaka tsaye can ƙarshe, ba takalmi, zanenta a jiƙe har gwiwa.

A gida na shirya shan duka, har na saka zane biyu. Ba ta taɓa ni ba. Ta zauna a kan turmi tana matse bakin zanenta, ta ce, "Ƙanena nike kira. Ya shiga jirgi ya tai duba inda gidanmu yake, bai dawo ba. A hankali nike yi, don kada in tada kowa." Sannan ta ce, "Yau ina daka na ji gari duka ya amsa. Na aza shi aka gani."

Da dukan ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Ladi ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba, kuma ba ta janye komai ba. A bakin ruwa har yau in na je sayen kifi, "Maki Goma" suke ce mini, ina amsawa. Malama ta sa na sake bayanin mako na gaba. Na ɗauki tsohuwar ragar na kai, amma sai da na durƙusa gaban Kaka na tambaye ta ko ita ma ragar akwai wanda take kira.