Jakar Tsohuwar Matanzas

Wani ne a unguwarmu ta Hayaliya, nan Miyami. Duk cikinmu 'yan Kyuba da muka tsallako ruwa, babu wanda ya kai shi zafin kai a kan maganar takunkumin da aka ƙaƙaba wa Kyuba. Mu ma ba baya ba ne, amma shi nasa har da tashin jijiyar wuya. Kullum da safe in muka taru a tagar Eusebio mai kofi, kafin kofin mutumin ya huce ya gama kifar da gwamnatin tsibirin Kyuba, ya naɗa sabuwa.

Gwaninsa kuwa ɗan majalisarmu ne, wanda ya rantse ko allura ba za ta ƙara shiga Kyuba ba sai gwamnatin can ta faɗi. Gogan naka ya bi gida gida yana nema masa ƙuri'a. Ya manna hotonsa a mota, a ƙofa, har a jikin firij. Matarsa Mirta ta ce goshinta kaɗai ya rage.

"A matse su," haka yake cewa. "Duk wanda ya aika ko ƙwayar shinkafa can, gwamnati ya ciyar."

Mu kuma mu gyaɗa kai, mu ce maganarsa dutse.

To, tsohuwarsa tana can garin Matanzas, a Kyuba. Ga hawan jini, ga son kofi. Da wata ya ƙare, mutumin ya cika wata shirgegiyar jaka da magani, kofi, sabulu, silifas da rigunan barci, ya nufi shagon Onelia, mai aika kaya tsibirin. Don kada a gane shi, ya sa malafa da baƙin tabarau, ya ɗora rigar ruwa a cikin wannan zafi na Miyami.

Yana isa ya tarar da layi har bakin titi. Duk mu ne, 'yan tagar kofi, kowa da jakarsa. Eusebio ya yafa gyalen matarsa. Ni kuma na zo da sanda ina ɗingishi, don kada a gane tafiyata. Kowa ya gane kowa, ba wanda ya gaida wani.

Reinaldo, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na mutumin, ya matso ya maƙale murya.

"Bawan Allah, nan ne ƙarshen layi?"

"Ban sani ba, ni baƙo ne a garin nan," in ji mutumin, da muryar mata.

Ana cikin haka sai ga motoci sun tsaya. Ɗan majalisa ne da 'yan jarida, ya zo ya tsaya a ƙofar shagon ya nuna wa duniya inda ake warware masa takunkumi. Kafin a saita kyamara layi ya watse. Ni na yar da sandar, na riga kowa shan kwana. Mutumin ya yunƙura, jaka ta ƙi ɗaguwa. Ya ja, malafa ta faɗi, tabarau ya bi ta.

Ɗan majalisa ya gane shi nan take, ya rungume shi.

"Mutumina, kai ma zanga-zanga ka zo yi? Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe."

"Wannan jakar fa?"

Mutumin ya dubi jaka, ya dubi kyamara. Ya ce ƙwace ta ya yi daga hannun wani maci amana, shi kuma ya gudu.

Ɗan majalisa ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa aka zuge jakar, ya riƙa ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga rigar barci mai furanni, ya ce jama'a su ga irin abin da ake tallafe mulkin zalunci da shi. Sannan ya tura wa mutumin makirfo, ya ce ya faɗa wa maci amanar nan magana, duk inda yake ɓoye.

Mutumin ya fara a hankali. Da ya ji an tafa, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce mai jakar nan munafuki ne, matsoraci, marar kunya. Aka ƙara tafi. Ya ce kuma laifin ba nasa ba ne, uwarsa ce ba ta ba shi tarbiyya ba.

Ɗan majalisa ya sanar cewa za a kai kayan gidan gajiyayyu na unguwa. Mutumin da kansa ya kama aka sa jakar a mota, har da ɗaga wa kyamara hannu. Abin da bai lura da shi ba, sunan tsohuwar yana rubuce ɓaro ɓaro a gefen jakar, kuma kyamara ta daɗe a kansa.

Washegari muna tagar kofi, kowa yana yaba masa jarumta, babu wanda ya ambaci inda shi yake jiya. Sai wayar mutumin ta yi ƙara. Tsohuwar ce. Maƙwabciyarta ta nuna mata hoton a waya, duk layinsu sun kalla. Ita kuma ba ta iya magana a hankali ba, don haka duk muka ji.

"Ɗan nan, wace ce ba ta ba da tarbiyya ba?"

Ya juya mana baya, ya rage murya. Ya ce siyasa ce, Mama, ba za ki gane ba. Ya ce ai ba da ita ake ba. Dabara ce babba, manya ne suka tsara ta. In aka hana kofi, aka hana sabulu, aka hana magani, gwamnati za ta ji a jikinta, ta gaji, ta sauka da kanta.

Tsohuwar ta saurare shi har ya gama. Can sai ta ce:

"To, tunda ni ce gwamnatin, je ka gaya masa na sauka. A turo min maganina."