Saƙon Godiyar Gidan Marayu

Ni na haɗa wa gidan marayunmu na Kafanchan manhajar lissafi: kana ba da gudummawa, saƙon godiya zai shigo wayarka. Har ƙirji na buga a gaban kwamiti.

Wajen gwaji, a gurbin saƙon na rubuta abin da na kasa faɗa wa wata malamar asibiti, na manta ban goge ba: "Ladi, tunda kika koma Kwoi garin nan ba daɗi."

Ranar Lahadi duk mai bayarwa ya samu. Rabaran, limamin cocinmu, ya kira ni: "Ɗana, ni ban je Kwoi ba."

Ladi dai ba ta cikinsu, ba ta gani ba. Har yau matan zumuntar coci na tare ni: "Injiniya, garin ya yi daɗi?"