Ruwan da Aka Aika Sama

Wani mutum ne zafi ya ishe shi. Fanka na juyawa, amma kamar wuta take hurowa. Sai ya saɓa riga ya nufi gidan ƙaninsa, malamin makaranta.

Ya ce, "Kai da ka yi boko, wai me muka yi wa rana ne?"

Ƙanin ya ce, "Yaya, ai ba rana ce ke dafa iska kai tsaye ba. Ƙasa take gasawa, ita kuma ƙasar ta ɗumama iskar da ke kanta. Zafin nan da kake ji daga ƙarƙashin ƙafarka yake tasowa."

Mutumin ya dubi ƙasa, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya ce, "Munafuka! Muna ta zagin rana, ashe ke ce."

Yana komawa gida ya jingina tsani ya haye rufin kwano, da rana tsaka, wai ya bar wa ƙasa wurinta. Bai gama zama ba ya miƙe zumbur. Ya sauke wannan ƙafa, ya ɗage waccan, kwano na ta ƙara, har matarsa ta fito da ludayi a hannu tana cewa, "Akuyar wa ta hau mana rufi?"

Ya sauko yana tafiya a tattale, ya koma wajen ƙanin.

"Ka ce ƙasa ce. Na bar mata gidan, ta biyo ni har sama."

"Haba Yaya! Kwano ai ya fi ƙasa saurin ɗaukar zafi. In sanyi kake so, yayyafa ruwa a tsakar gida. Ruwan zai kwashi zafin ƙasar, ya zama tururi, ya tashi da shi sama."

"Ya tashi ya je ina?"

"Ya zama gajimare. In ya huce, ya dawo ruwan sama."

"Au, yana dawowa? Ka ce aike ne kawai!"

To, an kwana biyu famfo bai kawo ba. Da ƙyar matar ta tara na girki da na wanka. Tana fita kasuwa, gogan ya tuntsurar da durom. Ya bi da bokitai. Ya bi da randa. Har na buta bai bari ba. Siminti ya yi cuuu, ya shanye, ya bushe. Shi kuwa ya jera robobi a buɗe, ya ja kujera ya zauna yana kallon sama.

Matar ta dawo, ta leƙa durom, ta leƙa randa.

"Maigida, ina ruwana?"

"Ya je ya dawo."

"Ya je ina?"

"Kai zafi."

Ta ce, "To wallahi in bai dawo ba ka bi shi. Yau ko shayi ba a sha a gidan nan."

Da la'asar sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ya yi tsalle ya ce, "Kin gani? Ga shi nan, har ƙiba ya yi!"

Bai rufe baki ba iska ta kwashi hadarin, ya wuce ta kansu ko ɗigo babu, ya je ya juye a unguwar tsallaken titi.

Ya suri jarkoki ya bi shi a guje. Ya tarar da wani kafinta tsaye cikin ruwa har gwiwa, katangar shagonsa a ƙasa, kujeru na yawo a kan ruwa.

"Salamu alaikum. Malam, ruwana na zo karɓa. Ni na aike shi ɗazu, ya yi ɓatan kai."

Kafinta ya ce, "Naka ne?"

"Nawa ne. Ƙanina malami ne, shi ne shaida."

Kafinta ya damƙi wuyan rigarsa, ya ƙwala kira: "Jama'a, ku fito, ga mai shi ya zo!"

Nan da nan aka kewaye shi. Wannan na nuna katifa, waccan na nuna kaji a jiƙe, wani kuma bai nuna komai ba sai gora.

Mutumin ya sunkuya a hankali, ya tsoma yatsa a ruwan, ya girgiza kai.

"Ku yi haƙuri, ba shi ba ne. Nawa da zafinsa ya tafi."