Tankin Da Bai Taɓa Shan Ruwa Ba

Mai Girma Uban Alƙawari ya ɗaga almakashi ke nan zai yanke ƙyalle, sai muka ji fam! Sabon tankin roba da aka kawo wa unguwarmu a nan Dogon Dutsi ya tsage daga wuya har gindi. Ruwa ya kwashe kujerun manyan baƙi, ya wuce da takalmin sarkin masu tafi. Jama'a, ban taɓa sanin babbar riga na gudu haka ba.

Ni dai jakina ne ya faɗo mini a rai. Saboda tankin nan na ba surukina na Lugu kyautar jakin da ke ɗebo mana ruwa, har na rantse gaban matata Marwa cewa in aka sake zuwa rijiya, ni zan ɗauki jarka da kafaɗata.

Maƙwabcina Sallau ya riƙo hannuna. "Doguwa ce, Malam! Na ce a yanka baƙin zakara, kuka yi mini dariya."

Ƴata Khairiyya ta zo hutu daga iniversite, shekararta ta farko a shimi, wato ilimin sinadarai. Ta tsinci ɓallin tankin, ta karya shi ƙas kamar ƙuli-ƙuli.

"Baba Sallau, bar doguwa ta huta. Roba polimer ce, wasu dogayen zaruruwa da ido ba ya gani, sun sarƙe da juna kamar saƙar tabarma. Rana tana tsinka su sannu-sannu. In sun tsintsinke, roba ta daina lanƙwasa, sai karyewa. Tankin nan ya yi shekaru yana shan rana."

Sallau ya ce, "Ke yarinya, sabo ne fil! Ba ki ga shuɗin fenti yana ƙyalli ba?"

Ta kankare fentin da makulli. Ƙarƙashin shuɗi, kore. Ƙarƙashin kore, ja.

Sallau ya dafe kai. "Koren nan na san shi! Ni na yi masa tafi a wani ƙauye bayan Kiyeshe!"

Marwa ta leƙo. "Jan kuwa shi aka buɗe wajen Geceme, shekarar bikin ƙanwata."

Ashe tanki matafiyi ne. A sauke shi, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, kafin magariba yana bisa mota. Ku yaba wa manya da tattali, tanki ɗaya ya ishi Arewa kaf! Kuskuren daga wajenmu yake: matan unguwa, don kada Mai Girma ya murɗa famfo ya ji kunya, suka yi sammako suka cika shi. Wa ya ce a zuba ruwa a tankin manya? Bawan Allah bai saba ba.

Ina cikin lissafin yadda zan roƙo jakina, sai ga wata mota ta tsaya. Wani baƙo ya diro da tabarau, gwangwanin fenti a hannu ɗaya, gam a ɗayan.

"Sallama. A tattaro mini ɓallayen nan, jibi ana buɗe shi a gaba. Kuma a taimaka da ɗan ruwan dama fenti."

Marwa ta juya. Ta shiga gida, ta fito da jarka biyu, ta ajiye a gabana. Ta dubi baƙon, ta koma ta ƙaro ta uku.